Ƙafar Malam da Taurarin Zaure

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya kuma jarrabe mu da neman inda maganin yake.

Sunana Lubabatu, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a nan Tambuwal. Ban daɗe da fita takaba ba. Ƙanwata ta ce in rubuta abin da ya faru ko zuciyata ta yi sauƙi. Ni dai ban ji ta yi nauyi ba balle ta yi sauƙi, tana nan kamar hannun da aka kwana a kansa. Na rubuta ne saboda duk wanda yake da mai ciwon suga a gida, yake kuma da waya a hannu.

Maigidana, wanda zan riƙa kira Malam kamar yadda bakina ya saba, shi ne na'ibin liman a masallacin unguwarmu, yana kuma ba da karatu bayan la'asar. Mutumin Kebbe ne, can gidansu yake, gonarsu ta gado tana hannun wansa Yaya Shehu. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Yana shan magani idan ya tuna, yana tunawa idan na tsaya a kansa. Fura kuwa ko wane likita zai yi magana, sai ya sha abarsa da rana.

Da kaka ya tafi Kebbe duba yankan dawa. Da ya dawo ya tuɓe takalmi a bakin ɗaki, na ɗauka zan kawar, sai na ga cikin na dama ya yi baƙi da busasshen jini.

"Malam, jinin mi na wanga?"

"Wane jini?"

Ya ɗaga ƙafa muka duba tare. Tsinin karan dawa ne ya huda takalmin roba, ya shige ƙarƙashin babban yatsa, ya karye a ciki. Da shi ya yini a gona, da shi ya hau babur har gida. Ya ce shi bai ji komai ba, yana dariya wai Allah ya ba shi ƙafar da ba ta san ƙaya ba. Ni ma na taya shi dariyar.

Makon farko a wajen mai kemis muka yi shi. Ya zare tsinin, ya sa aidin, ya naɗe. Malam ya san hukuncin shafa a kan bandeji, shi yake karantar da mutane. Amma ya ce nasa bai kai nan ba, ɗan ƙwarzane ne. Duk alwala sai ya kwance ya wanke ƙafar, ya mayar da bandejin a jiƙe ya tafi masallaci. Na yi magana, ya ce in bar masa fiƙihu in riƙe lissafin 'yan aji huɗu.

A mako na biyu ƙafar ta ƙi shiga takalmi. Sai wari ya fara, irin na naman da aka manta a leda. Na ƙara turaren wuta a ɗaki, babu wanda ya ce wa wani komai. Shawara kuwa ta yi ta shigowa. Goggonsa ta aiko da garin bagaruwa daga Kebbe. Maƙwabciyata ta ce man shanu mai ɗumi. Wani ɗalibinsa, dattijo da gemunsa, ya ja ni gefe ya ce kada mu yi sake, liman ya tsufa kuma ba Malam kaɗai ke kallon gurbin ba. Kowa na yi masa godiya, na jera ƙullin magungunan a kan taga.

A lokacin ne wata abokiyar aikina ta saka ni a wani zaure na waya, abin da ake kira guruf, na masu jinyar masu ciwon suga a yankinmu. Hajiya Kulu ce ta buɗe shi, tsohuwar ma'aikaciyar ƙaramar hukuma da ta sha jinyar mahaifinta. An ce da farko zauren ya koma kasuwa, kowa da jarkar maganinsa. Sai ta fito da tsari. Duk wanda ya taimake ka, ka sa masa taurari a ƙarƙashin saƙonsa, daga ɗaya zuwa biyar. Ranar Juma'a ta haɗa ta sanar da waɗanda suka fi. Abin da ake fara gaya wa baƙo shi ne ya duba taurarin mutum kafin ya ɗauki maganarsa.

Ba zan ci amanar tsarin nan ba, ya yi mini rana. Ranar da na shiga na sa hoton ƙafar, kafin azahar wani ya biyo ni ta gefe da maganin da ya ce daga ƙasar waje aka kawo, yana kashe suga har saiwarsa. Ya iya magana, ya san sunayen cututtuka da Turanci. Ina gab da tura masa kuɗin adashina na tuna, na duba, ba shi da tauraro ko ɗaya. Na gaya wa Hajiya Kulu, ta fitar da shi a ranar. Daga nan na yarda da taurari fiye da yadda na yarda da idona.

Wanda ya fi kowa taurari shi ne Malam Isa, mai sayar da buhunan hatsi a kasuwar Kebbe. Ba ma'aikacin lafiya ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Ya yi jinyar mahaifiyarsa ne shekara da shekaru har ya san asibiti kamar tsakar gidansa. Ba ya rubutu, saƙon murya yake turawa, ya fara da salati ya ƙare da addu'a, muryarsa a kwance. Ko tsakiyar ciniki ka tambaye shi zai amsa, kana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

Da asibitin garinmu suka duba ƙafar suka tura mu Sakkwato, shi ya shirya mu. Ya gaya mini ranar da likitocin suga suke zama, da ƙofar da za mu bi, da cewa mu shiga motar farko bayan asuba, mu tafi da bokiti da buta da tabarma, kada Malam ya karya kafin a ɗebi jini. Ya ce idan mai yankan kati ya ce an rufe, in yi shiru in tsaya, zai buɗe. Duk abin da ya faɗa haka muka tarar. Mutanen da suka riga mu zuwa muka bar su a layi, domin sun karya kumallo an ce su dawo gobe. Ina zaune a benci na sa masa taurari biyar, kuma ya ci su.

Rana ta take kafin mu ga likita. Mace ce, siririya, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta kwance bandejin ba ta ko yamutsa fuska ba. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya soma. Ta danna nan ta danna can tana tambayar Malam ko yana ji. Ba ya ji. Ta kira abin da suna, gangirin, kalmar da har yau nake jin ta a kunnena. Sannan ta fassara mana.

"Naman nan ya mutu, Malam, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, hawa yake yi. Yau idan kun yarda, yatsu za mu cire da ɗan gaban ƙafa. Idan kun jira, ni ba ni zan zaɓi inda za a yanke ba."

Malam ya dube ta, ya dubi ƙafar.

"Likita, da mi za ni tsayawa gaban sahu?"

Ta ce akwai masu tsayawa da sanda. Ya ce shi bai taɓa ganin an bi mai rabin ƙafa salla ba ga masu ƙafa biyu a bayansa. Ta ce mu je mu yi shawara, ta ba mu gado. Yaya Shehu ya iso da yamma da rigar gona a jikinsa. Da ya ji, ya ce a gidansu ba a taɓa kai mutum kabari da ragi ba. Ya ce zamanin da kuɗin man fetur ke yawo, da babansu ya kwanta a garin nan, magani ake ba mutum har ya warke, yanzu kuwa wuƙa ce ta fi musu sauƙi. Sannan duk suka juyo suna kallona, domin ni ce mai boko a gidan.

Na fita baranda na rubuta a zaure. Na faɗi abin da likita ta ce, na tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan. Amsa ta yi ta zuwa. Addu'o'i, ayoyi, masu cewa kada mu yi gaggawa. Mutum sama da ɗari a zauren nan, babu ko ɗaya da ya ce mu bari a yanke. Sai ga muryar Malam Isa.

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Abin da anka gaya maku, shi anka gaya mani a kan tsohuwata. Sunka ce in ba a yanke ba, ba ta ganin watan gobe. Na ɗauke ta na kai gida. Ruwan gishiri, zuma mai kyau, haƙuri. Ga ta nan, ki gani da idonki. Ni ba likita ba na, abin da na gani nika faɗi."

Ya biyo da bidiyo. Tsohuwa ce da ƙwarya a ka tana tafiya a tsakar gida, ta tsaya ta ɗaga ƙafa ga mai ɗauka, tabo ne kawai a dunduniya. Taurari suka zubo a ƙarƙashinsa kamar an ɓare buhu. Mata biyu suka ce su ma ya wanke wa nasu kuma suna ganin sauƙi. Na koma ɗaki na kunna wa Malam. Tun da muka baro Tambuwal sai a lokacin ya yi murmushi. Ya ce in sake kunnawa.

Da safe Yaya Shehu ya sa hannu a takardar cewa mu muka ɗauke shi da kanmu. Likitar ba ta yi mana faɗa ba, na ma fi son da ta yi. Ta rubuta allurar suga da ƙwayoyi, ta ɗauki biro ta ja layi a bayan ƙafar Malam, daidai inda baƙin ya tsaya. Ta ce da ni, ba da su ba, idan ya ƙetare layin nan mu dawo ko da ranar Salla ce.

Kebbe muka wuce, gidansu, don mu kusanci Malam Isa. Na ɗauki hutu a makaranta, 'ya'yana na bar su wajen ƙanwata. A nan na fara ganin mutumin da na saba da muryarsa. Gajere ne, mai furfura a gemu, hularsa duk ƙaiƙayi. Kullum da hantsi kafin ya buɗe rumfa zai zo a babur da zuma a kwalba. Ya durƙusa a ƙasa, ya ɗora ƙafar da 'yan'uwan jini suke toshe hanci saboda ita a kan cinyarsa, ya wanke a hankali yana jan Malam da hirar littattafai. Yaya Shehu ya miƙa masa kuɗin mai, ya ɓata rai ya ce kada a sake. Ko zumar bai taɓa karɓar kuɗinta ba. Duk wanda ya karanta wannan ya ɗauka mugun mutum nake ba da labari, bai fahimce ni ba.

Makon farko a Kebbe wari ya ragu. Kumburi ya ɗan saɓa. Malam ya ci tuwo ya nemi ƙari, har ya sa aka ɗauko masa littafi. Na ɗauki hoton ƙafar a wanke, tana sheƙin zuma, na sa a zaure na rubuta godiya mai tsawo da taurari biyar. Ba ƙarya na yi ba, a ranar haka abin yake. Layin biron kuwa ruwan gishiri ya wanke shi tun kwana na biyu, kuma babu wanda ya sake ja.

Mako na biyu baƙin ya kama sauran yatsun. Malam Isa ya ce dafin ne yake fitowa, haka ta tsohuwarsa ta yi kafin ta juya. Mako na uku ya hau bayan ƙafa. Ina kallonsa kullum, na san ya wuce inda layin yake, amma da yake layin ba ya nan sai in ce wa kaina wataƙila bai kai ba. Yaya Shehu ya sayar da dawar da aka yanka a ranar da abin ya faru, aka yi saukar Alƙur'ani, aka yanka rago. Zazzaɓi ya fara zuwa da yamma, daga baya ya daina tafiya. Malam ya daina neman littafi. Wata rana ya kira ni da sunan mahaifiyarsa.

Ba na barci sosai, ba na kuma jin barci. Ina dafa ruwa, ina wanke tsummoki, ina yi masa allura a ciki kamar yadda aka koya mini. Matan gidan suna yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ban dai jin komai ne. A zaure ana ta tambayata jikin Malam, ina amsawa da sauƙi, domin abin da ake amsawa ke nan.

Malam Isa da kansa ne ya ce a koma. Ya kwance ƙafar wata safiya, ya daɗe yana kallo, baƙin ya wuce idon sawu kuma fatar ƙwauri ta yi ruwa-ruwa. Ya rufe kwalbar zumar bai zuba ba.

"Yaya Shehu, wagga ta fi ƙarfina. Ta tsohuwata ba ta yi haka ba. A samu mota."

Shi ya samo motar. Shi ya zauna a baya ya riƙe ƙafar a kan matashi, saboda hanyar Kebbe duk ramuka ce, ko da yake mai ƙafar bai san ana yi ba. Kafin mu isa Sakkwato ya yi shela a zaure cewa ana neman jini. Mutum biyu daga cikin masu taurari suka zo, ban taɓa ganinsu ba, ɗaya tela ne ɗaya direba. Suka ba da jini suka sha lemo suka tafi. Su ma na sa musu biyar biyar, kuma da akwai goma da na sa.

Likitar nan muka tarar. Ta ɗaga zanen ta duba, ba ta tambaye ni layinta ba. Ta ce sama da gwiwa, kuma yau. Yaya Shehu, wanda ya ce ba a kai nasu kabari da ragi, shi ya sa hannu. Aka shiga da Malam tiyata bayan azahar. Da aka fito da shi zanen ya kwanta shafal a gefen dama. Wani ma'aikaci ya tambaye mu ko za mu karɓi ƙafar mu binne. Yaya Shehu ya karɓa a naɗe, ya tafi da ita maƙabarta shi kaɗai.

Malam ya farka washegari. Bai tambayi ƙafar ba. Ya tambayi wanda yake jan salla idan liman bai fito ba, na gaya masa, ya ce yaron yana da sauri a ruku'u, a gaya masa ya rage. Wannan ce magana mai ma'ana ta ƙarshe da muka yi. Likitar ta ce dafin ya riga ya shiga jini, ƙoda ta soma gazawa. Aka yi ta ƙarin ruwa, aka yi ta canza allura, ni kuma ina ta zirga-zirga tsakanin gado da kantin magani. Bai cika mako ba. Ranar Talata bayan la'asar ina ninke zannuwa a gefen gado, matar da ke jinyar mijinta kusa da mu ta taɓa kafaɗata ta ce in duba. Na duba. Na rufe masa ido, sannan na ƙarasa ninke zanen da ke hannuna, domin ban san abin da zan yi da shi ba.

A Tambuwal aka yi zaman makoki. Malam Isa ya zo tun ranar farko, ya yi kuka a zauren gida har maza suna ba shi baki. Ya aiko a gaya mini in yafe masa. Na ce a gaya masa babu komai. Yaya Shehu ya ce kwana ne ya ƙare, ko an yanke tun farko sai ya tafi a ranarsa. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na san haka ne, ba a ja da wannan. A zauren waya kuwa ta'aziyya ta yini tana sauka, wasu har da kuka a saƙon murya, kuma na ji daɗinta gwargwadon yadda nake iya jin daɗin abu a lokacin.

Mai takaba ba ta da wurin zuwa, sai na riƙa zama da waya ina karanta zaure ba na magana. Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki wata baƙuwa ta shigo, Hasiya daga Fakku. Ta sa hoton ƙafar mahaifinta. Yatsu biyu baƙi ƙirin. Ta ce an ce a yanke, tsohon ya ƙi, tana neman shawara. Addu'o'i suka fara sauka. Sai muryar Malam Isa. Wannan karon ya ƙara da cewa kowa da irin jikinsa, kuma rai na hannun Allah. Amma ya tura bidiyon tsohuwar. Taurari suka zubo. Wani ma ya jawo tsohon saƙona, mai hoton ƙafar Malam tana sheƙin zuma da taurarina biyar a ƙasa, ya ce ga shaida.

Na fara rubutu. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ina neman yadda zan ce ta bari a yanke ba tare da na tozarta mutumin da ya durƙusa ya wanke ƙafar mijina ba. Na tashi na yi azahar na dawo, na ga wurin rubutun ya rufe. An cire ni daga zauren.

Ban kai ga tambaya ba Hajiya Kulu ta kira. Ta yi mini gaisuwa mai kyau, ta tambayi yara.

"Ɗiyata, kin ga na fisshe ki. Kak ki ɗauka wani abu na. Haka muka saba, duk wanda nashi ya rasu, in an yi bakwai sai mu sallame shi. Ki huta da ganin ciwo. Su ma masu jinya, ganin wanda ya rasa nashi shina karya masu zuciya."

"Hajiya, duka haka kunka yi wa kowa?"

"Kowa, tun da munka buɗe. Tausayi na."

"To waɗanda Malam Isa ya wanke wa ƙafa, nawa kunka sallama?"

Ta ce ita ba ta taɓa lissafa wannan ba, taimako take lissafawa, mutuwa kuwa ta Allah ce. Ta ce mutumin nan ko sisi ba ya karɓa. Na ce na sani. Ta yi mini addu'a, na amsa, muka yi sallama.

Sai a ranar na gane shirun da na ji a barandar asibiti, lokacin da mutum sama da ɗari suka kasa samun ɗaya mai cewa a yanke. Masu cewa hakan suna nan, amma duk an sallame su don tausayi. Wanda ya rage a zaure shi ne wanda nasa ya warke, ko wanda bai kai ƙarshe ba tukuna. Tauraro kuma da safen taimako ake ba da shi, lokacin da zuciya take cike da godiya, ba wanda ake komawa a tambaya bayan wata biyu. Ga shi mu ba mu iya ba mutum tauraro ɗaya ba. Mutum ya bar rumfarsa ya zo maka, ka ce ɗaya? Mafi ƙanƙanta da na taɓa gani huɗu ne, ita ma mai bayarwar ta dawo ta ba da haƙuri wai hannunta ne ya kuskure. Sannan taurarin sanin ƙofar asibiti da na samo jini da na cewa kada a yanke, duk a ƙwarya ɗaya ake zuba su.

Ban ce a bar zaure ba. Ya tsare ni daga ɓarawo, ya samo wa Malam jini, ya gajarta mana layi. Idan kana neman wanda zai nuna maka hanya ko ya tsaya maka, bi taurari. Idan maganar wuƙar likita ce, nemi waɗanda aka sallama ka ji ta bakinsu. Kuma idan an ja maka layi da biro, ka sake ja kullum bayan wanki.

Ko da an cire mutum, tsofaffin saƙonni suna nan a wayarsa. Na nemo lambar Hasiya na kira. Ta ɗauka, ina jin kaji da turmi a bayanta. Muryar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Na gaya mata daga zaure na samu lambarta, na ce mijina ya yi irin ciwon babanta. Na ce don Allah ta mayar da shi asibiti gobe, ta bari a cire yatsun tun abin yana yatsu. Na gaya mata komai, ban rage ba, ta kuma saurara har na gama.

"Na gode, Malama. Mi as sunanki a zaure? In duba."

"Ba ni ciki yanzu."

"To taurari nawa gare ki?"

"Ba ni da ko guda. Ban taɓa ba kowa shawara ba sai ke."

Sai ta sake tambaya.

"Shi maigidan naki, anka yanke?"

"An yanke, daga baya."

"Ya samu sauƙi?"

"Ya rasu."

"Allahu akbar. Allah shi jiƙan shi, shi ba ki haƙuri." Ta faɗa da ladabi, har cikin ranta. "Kin gani ko, Malama, an yanke kuma ya tafi. Mu namu shina da rai. Malam Isa ya ce shina tafe da safe."

Na ce Allah ya ba baban nata lafiya. Ta ce amin, ta ce ana kiranta a cikin gida.